Zancen Gida: Jari, Tukunya da Littafi

A wannan wata zancen ɗan ƙanena zan yi muku. Ya baro Ruwan Bore ya kama ɗaki a Gusau, kamar yadda samarinmu da yawa suka yi tun da 'yan bindiga suka hana mutane sakewa a gona. Burinsa shi ne ya sayi ƙaramin injin matse man gyaɗa, ya riƙa saro gyaɗa a kasuwannin Tsafe da Bungudu, ya sayar da mai da ƙuli-ƙuli. Ba sabon abu ba ne, gama gyaɗa da auduga ne suka raya Gusau a zamanin jirgin ƙasa.

To, ina jari? Banki yana son jingina, shi kuwa ba shi da ko akuya a gari. Sai ya shiga adashi na mutum 10, kwasarsa ce ta ƙarshe. Da can mukan ce mai kwasar ƙarshe ya fi kowa tanadi. Amma tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kaya suka yi ta tashi, wanda ya kwasa da wuri shi ya ci riba. Yaron nan yana zubi, kuɗin inji yana gudu a gabansa.

Ran nan ya zo mini fuska a yamutse, ya ce, "Gwaggo, zubin makon nan ya gagara." Na tambaye shi inda yake cin abinci. Ashe safe da rana da dare duk a wurin mai abinci ne. Na ce, "Ɗana, ai injinka kake cinyewa da cokali."

Washegari na sa shi gaban murhu. Muka fara da shinkafa da wake, da mai da yaji, domin ko makaho ya iya. Tuwon dawa ne ya ba shi wuya. Na nuna masa yadda ake yin talge a bar shi ya nuna sosai kafin a zuba gari, a tuƙa da muciya ba hutawa, a rufe ya turara. Nasa na fari gudaji ne zalla, har kajina suka yi biki. Miyar kuka kuma ya zuba garin gaba ɗaya maimakon ya barbaɗa yana burgawa. Na yi dariya, amma raina ya sosu. Laifinmu ne iyaye mata, da muke korar 'ya'ya maza daga madafa, sa'an nan birni ya karɓe su da yunwa.

Ana cikin haka sai ga wata sabuwa. Abokinsa na ƙuruciya ya rubuta littafin labari, yana so in kwasa ta zo a ranta masa ya kai maɗaba'a. Yaron ya rasa ta cewa, gama tare suka yi kiwo.

Ni ba na raina marubuta. A gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma hukuma ce ta buga su. Marubutan Kano na baya, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino, su ne suka saba bugawa da aljihunsu, suna kai wa 'yan kasuwa, kuɗi kuwa yakan daɗe bai dawo ba. Yau ma masu karatu da yawa sun koma waya. Na ce masa kada ya taɓa kuɗin inji, amma kada ya sallami abokinsa hannu wofi: ya karɓi rubutun ya karanta da gaske, ya faɗa masa gaskiya.

Haka ya yi. Wake yana kan wuta, shi yana bin shafuka. Ya gaya wa abokin cewa mutanen littafin duk masu mota ne a Abuja, babu ko ɗaya da ya yi kama da mutanen Ruwan Bore. Abokin ya yi fushi, mako biyu bai leƙo ba. Jiya na ji ya dawo da babi na fari sabo, ya tarar da tuwo, ya kuma ci. Kwasa saura wata biyu.