SHARHI: Bikin tunawa da Louis Armstrong: murmushin ake karramawa ko mutumin?

A farkon watan Agustan kowace shekara, birnin New Orleans da ke kudancin Amurka yakan cika da busa da kiɗa domin tunawa da ɗansa Louis Armstrong, mai busa kakakin da ya sauya fasalin kiɗan jazz. Bikin, wanda ake kira Satchmo SummerFest, an fara shi ne a 2001, shekarar da Armstrong zai cika ɗari da haihuwa. Makaɗa kan yi wasa a harabar gidan tarihin jazz na birnin, masana su gabatar da laccoci, a yi addu'a a cocin St. Augustine da ke unguwar Treme, sannan a zaga tituna da jerin gwanon masu busa.

Babu mai musun cewa Armstrong ya cancanci wannan karramawa. An haife shi ranar 4 ga Agustan 1901 a unguwar matalauta. Yana ɗan shekara 11 aka kai shi gidan horon yara baƙar fata saboda ya harba bindiga sama a daren sabuwar shekara, kuma a can ne ya samu horon busa. A 1922 ya bi maigidansa King Oliver zuwa Chicago. Faya-fayen da ya naɗa daga 1925 zuwa 1928 su suka ba makaɗi guda damar fitowa daga cikin ayari ya ƙirƙiri sautinsa nan take a gaban jama'a, abin da ya zama ginshiƙin jazz har yau.

Wannan ne ya sa wasa a gaban jama'a ya fi gunki ko allon suna dacewa da shi. Jazz kiɗa ne da ake haifa a lokacin da ake yin sa, ba a busa waƙa ɗaya iri ɗaya sau biyu. Faifai yana adana abin da Armstrong ya busa, amma hanyar da ya bi ya busa shi tana rayuwa ne kawai idan wani matashi ya ɗauki kakaki ya gwada tasa. Ta wannan fuska bikin makaranta ne.

Sai dai akwai tambayar da shagali kan danne: wane Armstrong ake tunawa?

Hoton da ya fi yawo shi ne na dattijo mai fara'a, da farin hankici a hannu, wanda waƙarsa ta ture ta ƙungiyar Beatles daga matsayi na ɗaya a Amurka a 1964. Wannan hoto yana da daɗin sayarwa ga masu yawon buɗe ido. Birnin ya sa wa filin jirgin samansa sunansa a 2001, akwai kuma lambun shaƙatawa mai ɗauke da sunan. Amma birnin nan ne Armstrong ya ƙaurace wa kusan shekara goma, bayan jihar Louisiana ta kafa doka a 1956 da ta hana baƙi da farare yin wasa tare a dandali ɗaya. Ayarinsa gauraye ne, shi kuma ya ƙi raba shi. Bai sake wasa a garinsu ba sai 1965, bayan dokar 'yancin jama'a ta 1964. Gidansa na zama ma a unguwar Corona ta birnin New York yake, inda ya rasu ranar 6 ga Yulin 1971.

A Satumban 1957, lokacin da Gwamna Orval Faubus na Arkansas ya girke dakaru don hana ɗalibai tara baƙar fata shiga makarantar sakandare a Little Rock, Armstrong ya fito fili ya zargi Shugaba Eisenhower da fuska biyu da rashin ƙarfin hali, ya kuma fasa tafiyar da gwamnati ke shirya masa zuwa Tarayyar Sobiyet. Wannan ya zo ne a daidai lokacin da wasu matasan makaɗa ke ganinsa a matsayin mai dariya don faranta wa farare rai. Ashe murmushin bai hana shi ganin abin da ke faruwa ba.

Babin Afirka ya fi sarƙaƙiya. Ya ziyarci Accra a 1956, inda Kwame Nkrumah ya tarbe shi. A 1960, shekarar da ƙasashe 17 na nahiyar suka samu 'yanci, ya yi doguwar ziyara wadda ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ɗauki nauyin wani ɓangarenta. Ya zo Najeriya makonni bayan samun 'yancin kai, har ya gana da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. A ƙarshen Oktoba ya isa Leopoldville, wato Kinshasa ta yau, lokacin da Patrice Lumumba ke tsare a gidansa, hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA kuma na ƙulla yadda za a kawar da shi. An kashe Lumumba a Janairun 1961. Babu abin da ya nuna Armstrong ya san wannan ƙulli, amma fim ɗin Soundtrack to a Coup d'Etat na 2024 ya sake tayar da maganar: yadda gwamnatin da ke tauye wa baƙar fata haƙƙi a gida ta yi amfani da kiɗansu wajen wanke sunanta a waje.

Masu shirya irin wannan biki na iya cewa dandali wurin nishaɗi ne, tarihi kuma yana da zaurensa. Akwai gaskiya a ciki, kuma laccocin bikin kan taɓo waɗannan batutuwa. Cibiyar da aka buɗe a 2023 daura da gidansa na New York ma ta adana ɗaruruwan kaset da ya naɗa da kansa, inda ake jin fushinsa kan wariya ba tare da sakaye ba. Matsalar ita ce taron da ke gaban dandali ya ninka na zauren lacca, kuma abin da taro ya tafi da shi gida shi ke zama tarihi.

Akwai kuma ma'auni na zahiri. A 2021 guguwar Ida ta rushe ginin shagon iyalin Karnofsky da ke titin South Rampart, iyalin Yahudawan da Armstrong ya yi wa aiki yana yaro, waɗanda suka taimaka masa ya mallaki kakakinsa na farko. Ginin ya daɗe a yashe duk da alkawuran gyara. Birnin da ke bikin kwana biyu ko uku a shekara ya kasa kare ɗaya daga cikin 'yan wuraren da suka rage na ƙuruciyar gwarzonsa.

Saboda haka ƙimar bikin ba ta tsaya ga yawan mahalarta ba. Za a auna ta ne da abin da ya rage bayan an kwashe kayan kiɗa: ko makaɗan unguwannin da suka haifi jazz suna samun abin rufin asiri daga sana'arsu, ko yaransu na samun kakaki da malami, ko kuma wanda ya yi rawa ya koma gida ya san cewa mai wannan sauti ya taɓa juya wa garinsu baya domin ya ƙi a raba shi da abokan busarsa.