Kibiyar Maharbi: A Bar Dafi, A Koma Ga Kaifi

A ƙasar Gwandu ba sai an gaya wa kowa darajar baka da kibiya ba. Ran da aka yi gamon Tabkin Kwatto cikin 1804, sa'ad da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ja jama'ar Shehu suka kara da rundunar Yunfa Sarkin Gobir, yawan dawaki da lifida yana wajen Gobirawa ne, su kuwa jama'a abin da suka dogara gare shi, bayan Allah, shi ne 'yan baka. Irin wannan yaƙi ya wuce, bindigar toka kuma ta ƙwace rabin sana'ar, amma kwari bai ɓace ba. A Kambaza da ƙauyukan da ke kewaye da ita, har zuwa wajen Kalgo, in an kawar da amfanin gona akan ga maharbi ya rataya nasa ya nufi daji. Maganarmu a kan abin da ke cikin kwarin nan take, domin muna ganin lokaci ya yi da maharbanmu za su saki dafi su kama kaifi.

Kowa ya san yadda kibiyarmu take. Kyauro ne mara nauyi, ba gashin tsuntsu a gindinsa, an cusa masa ƙarfe siriri mai tsini da kunnuwa, an ɗaure da jijiya. Wannan ƙarfe ba shi ke kisa ba. Aikinsa ya huda fata ya maƙale, kunnuwan su hana shi fita, har dafin da aka shafa masa ya bi jini. Dafin kuwa galibi daga 'ya'yan kwankwani ake dafa shi, zuciya yake kamawa ya tsayar da ita. Dabarar tana da kyau ga yaƙi, inda ake so ko ƙwarzane ya isa. Amma maharbi nama yake nema, naman da zai kai gida ko kasuwa Musulmi su ci, nan fa magana ta sake.

Malamanmu ba su bar wannan mas'ala ba. An ruwaito Adiyyu ɗan Hatim ya tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a kan farauta da wani makami mai kauri da ake jifa da shi, aka halatta masa abin da makamin ya huda da kaifinsa, aka hana shi abin da ya buge da faɗinsa. Watau shari'a kaifi ta sa ya tsaya a matsayin wuƙar yanka. Sa'an nan Shaihu Halil, cikin Muhtasar, ya lissafa harbi da makami mai dafi cikin abubuwan da ke hana cin abin farauta, muddin ba a tabbatar ko ƙarfen ne ya kashe ko dafin ba. Wanda ya cim ma gada da ranta ya yanka, wannan maganarsa dabam. To, amma sau nawa ake cim mata? Sau da yawa sai an bi sawu an tarar da ita ta riga ta sheƙa, a yanke naman da ke kewaye da raunin a yar, a ɗauki saura. Mai saye a kasuwa bai san wannan ba, ba kuwa zai tambaya ba.

Banda wannan akwai haɗarin ajiye kwari mai dafi a ɗakin da yara ke shiga. Akwai kuma doka, gama yarjejeniyar kiyaye namun daji da ƙasashen Afirka suka ƙulla a Aljiyas cikin 1968, wadda Nijeriya ta sa wa hannu, ta hana farauta da dafi ko makami mai dafi.

Maharbi zai ce, in na bar dafi, da me zan kayar da barewa? Tambayar tana kan hanya, an kuwa amsa ta da gwaji. Wani likitan ido mutumin Amurka, Dokta Ed Ashby, ya fara bincike a gandun dajin Mkuzi na lardin Natal, a Afirka ta Kudu, ya ci gaba shekaru da yawa har a kan ɓaunar ƙasar Ostareliya, yana harba kibau iri iri yana auna zurfin shigarsu. Abin da ya samu shi ne, kan kibiya mai baki biyu, dogo, wanda tsawonsa ya yi kamar faɗinsa sau uku, ya fi sauran ratsa jiki. Cikinsu kuma wanda ya fi fasa ƙashi shi ne wanda aka wasa kowane bakinsa ta fuska guda kaɗai.

Wannan washi ba baƙo ba ne gare mu. Wuƙar mahauci ta fuska biyu ake wasa ta, kaifin ya zauna a tsakiya. Almakashin tela kuwa, da gizagon masassaƙi, fuska ɗaya ake gogewa, ɗayar a bar ta a miƙe. In aka yi wa kan kibiya haka, bakin dama aka goge shi ta sama, na hagu ta ƙasa, to, da ya shiga nama sai naman ya tura bakunan biyu saɓanin juna, kibiya ta riƙa murɗawa tana shiga. In ta ci karo da haƙarƙari ko allon kafaɗa, murɗawar nan ke tsaga ƙashin, kamar mai faskare da ya kafa gatari cikin icce ya karkata ƙotar. Raunin yakan yi faɗi, jini ya zuba da sauri, dabba ta faɗi kusa. Irin wannan kibiya ba ta bukatar kunne ko kaɗan, gama so ake ta shige ta fita. Jihohi da yawa a Amurka ma sun hana farauta da kibiya mai kunne.

Wanda zai je maƙera ya sa a yi masa, abu na farko da zai duba shi ne ƙarfen. Ƙusa da rodin gini suna da taushi, tsininsu lanƙwashewa yake yi da ya taɓa ƙashi, kaifinsu kuma ba ya kwana. Guntun sifirin na mota, wanda maƙeranmu ke yin adda da wuƙa da shi, ya fi dacewa, a gasa shi ya yi ja, a tsoma cikin mai, a sake ɗumama shi kaɗan don kada ya yi tsananin taurin da zai sa ya karye. A bar masa kauri, domin ƙarfe mai kama da ganye ba shi da ƙarfin murɗa ƙashi. Kada a ja tsinin ya yi siriri kamar allura, a gajarta shi kaɗan. Wutsiyar da ke shiga cikin kyauro kuma ta yi tsawo, a ɗaure bakin kyauron tam, gama nan ne kibiya ta fi karyewa.

Washin kansa ya fi na wuƙa sauƙi, tun da kusurwa ɗaya kaɗai mutum zai tsare. Ashby ya fi yabon digiri 25, malamin lissafi na iya zana ta a kwali ya ba maƙeri. A kama kan kibiyar da kyau, a ɗora magagari a kan fuskar da aka karkata, a riƙa turawa daga gindi zuwa tsini, hannu bai tashi ba bai kwanta ba. A yi ta yi har yatsa ya ji wani ɗan kaushi ya fito ta bayan bakin, tun daga gindi har tsini. In kaushin bai fito ba, ba a kai ga kaifi ba tukuna, kome ƙyallin ƙarfen. Sa'an nan a koma kan dutsen washi mai laushi da ɗan ruwa. Daga nan a kifa miƙaƙƙiyar fuskar a kan dutsen, ta kwanta sarai, a ja sau biyu ko uku a hankali don kaushin ya fita. Nan ne masu gaggawa ke ɓata aiki: da an ɗaga ƙarfen ko yaya, an yi masa fuska ta biyu ke nan, murɗawar ta ragu. A ƙare da gogawa a kan fata yadda wanzami ke yi wa askarsa. In ta aske gashin hannu ba tare da an danna ba, ta yi. A shafa mata man gyaɗa saboda tsatsa, a naɗe kowane kai da ƙyalle ko fata, domin kibau goma da ke gugar juna cikin kwari ɗaya sun dushe tun ba a kai daji ba.

Ba za mu ɓoye wa maharba wuyar da ke ciki ba. Kai mai faɗi iska na kama shi, in ba gashi a gindin kibiya sai ta kauce hanya, saboda haka dole a koyi ɗaura gashin talotalo ko na dinya, duka daga fiffike ɗaya, a kuma lura juyin da gashin ke ba kibiya ya zama gefe ɗaya da juyin washin. Akwai kuma nauyi. Ashby ya ga kibiyar da ke fasa babban ƙashi sai ta kai wajen giram 42, kyauronmu kuwa bai kusa haka ba, ƙaramin baka ma ba zai kai ta nesa ba. Amma wannan awon na manyan namu ne irin su ɓauna. Mai neman gada da zomo da zabon daji bai bukaci haka ba, abin da ya bukata shi ne ya ƙara matsawa kusa, ya nufi bayan kafaɗa, in harbin bai samu ba ya haƙura. Sanɗa kuwa ita ce ainihin gadon maharbi tun kafin a san kwankwani.

Ku malaman makaranta da na ofis, ku ke karanta jarida, maharbi da maƙeri ba safai suke ganinta ba. A zamanin En'e, in ana son sabon abu ya shiga ƙauye, ta bakin hakimi da dagaci da sarkin sana'a ake bi, hanyar nan kuwa tana nan. Sarkin maƙera da shugaban maharba na kowane gari su ne za a fara nuna wa zanen. A sa maƙeri ya ƙera kai uku, a samo allon kafaɗar sa daga wajen mahauta, a rataye shi a bayan gari, a harbe shi da tsohuwar kibiya da sabuwa daga taki goma sha biyar, maharban su duba ƙashin da idonsu.