Idan Uwar Garke Ta Ƙi Gane 'Ya'yanta

A ɗakin kwamfuta mai na'urori talatin, ba hikima ba ce a bi kowace na'ura ana rubuta mata sunayen ɗalibai da kalmomin sirrinsu. Abin da aka saba shi ne a tara su cikin na'ura guda, wadda ake kira uwar garke, sauran kuwa su riƙa tambayarta duk sa'ad da wani ya nemi shiga. Kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya fito da irin wannan tsari a shekarun 1980 da sunan Yellow Pages, daga baya ya koma NIS saboda kamfanin British Telecom na Ingila ya riga ya mallaki sunan farko. Kamfanin Microsoft ya kawo nasa, watau Active Directory, a shekarar 2000.

Amfanin tsarin a fili yake, amma ranar da ya cije ɗaki duka ke tsayawa cik. A nan ne ake yawan yin aika-aika iri biyu: ko a goge na'urorin a sake zuba musu komai, ko a buɗe asusu guda a rubuta kalmar sirrinsa a allo. Na biyun ya fi muni, domin daga ranar kowa na iya karanta aikin kowa ko ya share shi, kuma malami ba shi da hanyar sanin wanda ya yi. Likitan kirki ba ya fara fiɗa kafin ya ji bugun jini, cutar kuwa sau da yawa ƙarama ce.

Da farko a tabbatar na'urar tana jin uwar garke: waya na nan a jone, sunan uwar kuma daidai yake. A tsarin NIS akwai umarnin ypwhich, wanda ke faɗin uwar da na'ura ta maƙale wa.

Sai agogo, wanda shi aka fi mantawa. Active Directory ya dogara ne da Kerberos, dabarar tantance mutum da aka ƙirƙiro a jami'ar MIT a shekarun 1980. Kerberos yana ba mai shiga takardar izini mai ɗauke da lokaci, don kada ɓarawo ya kwafe ta ya yi amfani da ita daga baya. Saboda haka, bisa al'ada, idan agogon na'ura da na uwar garke suka bambanta da fiye da minti 5, sai a ƙi karɓar mutum, ko da kalmar sirrinsa daidai take. To, a cikin kowace kwamfuta akwai ɗan batir kamar kwabo mai riƙe agogo idan an kashe ta. In ya mutu, aka kuma ɗauke wuta, na'urar kan farka da kwanan watan wata shekara can baya. Ɗalibi ya yi ta zargin yatsunsa, alhali laifin na batir ne da bai kai kuɗin littafi ba.

Akwai kuma batun lamba. Na'urorin Unix ba su san mutum da sunansa ba sai da lambarsa, kamar yadda jiki ke gane jinin da aka ƙara masa ta alamomin da ke bisa ƙwayoyinsa, ba ta sunan mai bayarwa ba. Idan ɗaliba tana da lamba 1005 a uwar garke, amma wata na'ura ta taɓa ba wani yaro wannan lambar, to a can fayilolinta nasa ne.

Abin da ya rage na shugabannin makaranta ne, ba na mai gyara ba. Tun farko an gina NIS yadda za a iya ajiye uwa ta biyu mai riƙe kwafin rajistar, haka ma Active Directory. Ɗan Adam yana da ƙoda biyu, yana kuma rayuwa da guda in ɗayar ta gaza. Makarantar da ta iya sayen kwamfuta talatin ba ta da hujjar rasa ta talatin da ɗaya, musamman in a ɗakin ake rubuta jarrabawa.