Wai Lambu A Bakin Jakara Abin Dariya Ne?

Yau ku yi mini haƙuri, ba labari na zo muku da shi ba. Wata magana ce ta tsaya mini a rai, kuma in ban amayar da ita ba ba zan samu sukuni ba.

Sama da shekara 20 ke nan ina rubuta littattafan soyayya, kuma da wuya ka buɗe littafina ba ka tarar da inda saurayi ya ɗauki budurwa ya kai ta wani lambu mai korayen ciyayi ba, ga furanni, ga ruwa yana gudu, ga tsuntsaye suna ta kuka. Ba ni kaɗai ba, duk haka muke yi. Kwanaki wata 'yar makaranta ta tare ni a gidan biki ta ce, "Anti, don Allah lambun nan na cikin littafinki a wace unguwa yake a Kano? Ina so in kai ƙannena ranar Sallah." Wallahi kunya ta kama ni, domin lambun nan a cikin kaina kawai yake.

Wannan ne ya sa a wani zama da muka yi na marubuta na ce ya kamata a je a duba bakin rafin Jakara, a auna a gani ko zai yi wurin shaƙatawa na jama'a. Kafin in rufe baki wani babba a cikinmu, wanda nake ganin girmansa, ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Haba Hajiya, lambu a bakin kwata? Mutanen da ke fama da abin sawa a baki ina ruwansu da shaƙatawa?" Wani kuma ya ce in ma akwai fili a wurin, a yanka shaguna kawai kowa ya huta. A wurin na yi shiru saboda ladabi. Yau ga amsata, Malam.

Ban musa ba, Jakara tana wari. Ruwan kwatamin gidajen cikin birni a cikinta yake ƙarewa, ga na mayanka, ga leda da shara, sannan can gaba rafin Getsi ya kawo mata dagwalon masana'antun Bompai, duk su rankaya zuwa madatsar ruwa ta Wasai a ƙasar Minjibir. To amma wa ya mayar da ita haka? Tarihin Kano ya ambaci Jakara tun zamanin Barbushe, lokacin da kurmi ne ya kewaye ruwan har ake kiran wurin Kurmin Baƙin Ruwa. A gefenta Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15. Wato wurin da muke toshe wa hanci yau, da can itatuwa ne a jikinsa. Mu muka sare su, mu muka juya mata bakin kwatocinmu, yanzu kuma mu ne masu yi mata dariya.

Ɓangaren da ya ratsa cikin birni an riga an yanke masa hukunci. Aikin titin Jakara zuwa Kwarin Gogau, wanda aka fi sani da Wuju-Wuju, da aka fara a mulkin Kwankwaso na biyu tsakanin 2011 da 2015, an tsara shi ne a rufe rafin da siminti a shimfiɗa titi a kansa. Ni maganata a kan can ƙasa take, wajejen Kwakwaci da Gama, inda har yanzu rafin yake a buɗe kuma akwai sauran ƙasa a gefensa. Ban ce lallai wurin ya dace ba. Cewa na yi a auna shi. Kuma ba a auna bakin rafi daga cikin mota gilashi a rufe, a watan Maris, lokacin da ruwan bai fi tsallaken yaro ba.

Wanda yake son ya san gaskiyar bakin rafi, ya je a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Ya dubi layin da ruwa ya bari a jikin katangu, ya dubi inda ledoji suka maƙale a rassan itatuwa, ya tambayi tsofaffin unguwa iya inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ya fi ɓarna. Duk abin da ke ƙasa da wannan layin mallakin ruwa ne, ko an ba ka takardar fili mai hatimi goma. In ka gina gida a wurin zai shiga, in ka gina shago zai jiƙa kaya. Amma bishiya da ciyawa ba su damu ba, ruwa ya kwana biyu a kansu ya janye, su ƙara kore. Shi ya sa filin da ya fi kowanne rashin dacewa da shagunan da abokinmu yake so, shi ne ya fi dacewa da lambu.

Na san abin da nake faɗa. A bayan gidanmu na haihuwa akwai wani kududdufi da muka tashi muka gani, duk ruwan unguwa a cikinsa yake taruwa. Aka cike shi da shara da ƙasa aka yanka fulotai. Damina biyu ba a yi ba ruwa ya shigo ɗakin mahaifiyata da tsakar dare, ya jiƙa katifa da buhun gero, ya kuma lalata mini rubutun littafi guda da na yi da biro a littattafan makaranta, wata shida ina fama da shi. Ruwan bai ƙaru ba, wurin zamansa aka ƙwace. Ƙasa tana shan ruwa, siminti da kwalta ba sa sha, tura shi gaba kawai suke yi zuwa gidan wanda ya fi kowa zama a kwari, kuma kun san ba mai kuɗi ne yake zama a kwari ba. Lambun bakin rafi, kafin ya zama wurin zaman mutane, masaukin ruwa ne.

Daga nan sai a san abin da ba za a gina ba. A ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, ya shiga gidan zoo na Sanda Kyarimi, dabbobi da dama suka mutu, wasu irin su kadoji da macizai ruwa ya fita da su cikin gari. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kada wani ɗan kwangila ya zo mana da zanen ɗakin taro da kejin dabbobi da katafaren gini a kwari. Itatuwa masu inuwa, bencin siminti, hanyar ƙafa, filin ƙwallon yara, sun wadatar. Banɗaki da wurin sallah a sa su a kan tudu, sama da layin ruwa.

Sai maganar ruwan kansa, kuma a nan ne Malam yake da 'yar gaskiya. Binciken masana a jami'o'inmu ya sha nuna akwai sinadarai masu guba irin su dalma a ruwan Jakara da Getsi. Wanda ya shuka furanni ya jera kujeru bai taɓa wannan ruwan ba, ya yi wa kwata kwalliya ne kawai. Dole a ɗebi ruwan a gwada, rani da damina, a bi a ƙirga bakin kwatocin da ke zuba a cikinsa, a yi musu babbar magudana ta daban a gefe, a kuma tilasta wa masana'antu su tace dagwalonsu kafin su sako. Masu tsoron sauro su sani sauro a ruwan da ya kwanta yake ƙwai, kuma shara ce take kwantar da ruwan Jakara.

Ba mu ne farkon masu rafi mai wari ba. A Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, rafin Cheonggyecheon ya taɓa zama kwata har aka rufe shi aka ɗora masa titin sama. Tsakanin 2003 da 2005, zamanin magajin gari Lee Myung-bak, suka rushe titin suka buɗe kimanin kilomita 5.8 na rafin ya zama wurin yawon jama'a. Amma kada mu kwaikwaye su ido rufe. Yawancin ruwan da ke gudu a ciki da inji ake turo shi daga kogin Han, mu kuwa kun san halin wutarmu. Sannan aikin ya tashi 'yan kasuwa da masu talla da yawa daga wuraren neman abincinsu. Wannan na biyun shi ya fi tsorata ni.

Domin bakin Jakara ba kango ba ne. Akwai masu noman rani da suka gaji wurin, suna shuka latas da alayyafo da kabeji da karas, kuma da yawanmu mun ci ganyen nan a kwaɗo ba mu sani ba. Duk wanda ya zo aunawa da tef da taswira bai zauna da mutanen nan ba, bai auna komai ba. Korarsu zalunci ne, barinsu suna ban ruwa da guba kuma cutar da mu ce gaba ɗaya. In aka gyara ruwan, gonakinsu ma wani ɓangare ne na lambun, yaran birni su ga yadda latas yake fitowa daga ƙasa. Wanda kuma dole sai an taɓa gonarsa, a biya shi diyya a hannu kafin a kafa turke ɗaya.

Abu na ƙarshe da za a auna, wanda maza ba sa tunawa, shi ne wa zai iya shiga. Mace mai goyo da yara uku za ta iya takowa daga gida da ƙafa? Akwai gadar tsallakawa? Ana hango cikin wurin daga titi, ko lungu ne da zai zama matattarar 'yan daba da masu shaye-shaye? In aka zagaye shi da doguwar katanga aka sa mai yankan tikiti a ƙofa, to an yi wa masu mota ne, su kuwa dama suna da inda suke zuwa.

Malam ya ce talaka ba ruwansa da shaƙatawa. Malam, a watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40. Mai kuɗi ya kunna janareto da na'urar sanyaya ɗaki. Matar da ke ɗaki ɗaya mai rufin kwano da 'ya'ya shida, ina za ta sa kanta? Ku maza kuna da majalisa da dakali da teburin mai shayi, mu sai gidan biki ko gidan rasuwa. Lokacin da Audu Bako ya yi gidan zoo a farkon shekarun 1970 ai akwai talauci, amma a je a ga yadda 'ya'yan talakawa suke cika shi ranar Sallah. Garin ya ninka ya sake ninkawa tun daga lokacin, filayen da suka rage kuma kullum ana yanka su.

Don haka ga gayyata, Malam, kai da mai son shaguna. In Allah ya kai mu Agusta, ranar da aka kwana ana ruwa, ku sa takalmin roba mu je bakin Jakara tare, ni zan biya kuɗin adaidaita. In mun duba wurin bai dace ba, zan dawo in rubuta cewa na yi kuskure, sai mu nemi wani rafin. Amma dariya daga kan kujera ba hujja ba ce, gani ya kori ji. Ni dai na yi wa kaina alkawari, ba zan ƙara kai saurayi da budurwa lambun ƙarya a littafina ba, sai ranar da zan iya faɗa wa yarinyar nan sunan unguwar da yake.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.