Filin Manoman Gobe: Wace manjagara za mu saya don tara ciyawar dabbobi?

Damina ta ja jiki, ciyawa ta fara sauya launi, an soma cire gyaɗa da roron wake. Duk mai rago ko akuya a gida, da duk makarantar da ke da ƙungiyar matasa manoma, yanzu ne lokacin tanadin abincin rani. Lauje kowa ya san shi. Abin da aka fi rainawa shi ne manjagara, kuma a kanta za mu tsaya wannan makon.

Bara mun ziyarci wata makaranta da ɗalibanta suka yi karo-karo suka sayi raguna don kiwo zuwa babbar salla. Sun yi ƙoƙari ƙwarai, sun yanki ciyawa, sun samu harawar gyaɗa daga gonar makaranta. Sai dai manjagarar da suka saya ta ƙarfe ce mai nauyi, irin wadda ake baje ƙasar lambu da ita, kuma da tsakar rana suke aikin, bayan an tashi daga aji. Da muka buɗe ɗakin ajiyarsu, kara ne da yashi suka fi yawa. Ganyen ya karkaɗe ya zauna a gona. Kafin watan Maris ragunan sun rame, kuɗin da ake sa ran ya zama riba ya tafi wajen sayen dusa.

Me ya sa ganye ke da muhimmanci haka? A ganye ne mafi yawan sinadarin gina jiki, wato furotin, yake taruwa. Dabba mai tuƙa tana buƙatar abincin da furotin ɗinsa ya kai kusan kashi 7 cikin 100 kafin ƙananan halittun da ke cikin tumbinta su iya narkar da ciyawa yadda ya kamata. Ciyawar da aka bari ta tsufa ta bushe a tsaye takan sauko ƙasa da kashi 5, yayin da harawa mai ganye takan haura kashi 10. Ke nan duk ganyen da ya zube a gona, nama ne ya zube.

Idan kun shiga kasuwa, iri uku za ku fi cin karo da su. Ta farko ita ce ta ƙarfe mai gajerun haƙora masu tauri. Aikinta fasa ɓurɓushin ƙasa da gyara fangali. A wajen ciyawa tana tono yashi da tsakuwa, tana kuma kakkarya busasshen ganye. Ta biyu ita ce mai kama da mafici, mai siraran haƙoran waya ko na roba masu lanƙwasuwa. Ba ta da nauyi, ba ta tono, ta dace da gajeriyar ciyawa irin harkiya da kuma tattara ganyen harawa da ya zube. Amma idan ta haɗu da doguwar ciyawa mai nauyi kamar gamba, sai ta riƙa tsallake ta, ta roba kuma rana kan busar da ita ta tsage. Ta uku ita ce ta katako mai faɗin kai da dogayen haƙora masu tazara. Wannan ita ce ainihin manjagarar ciyawa, da irinta manoman Turai suka daɗe suna tara ingirici kafin zuwan injina. Ba kasafai ake samunta a shago ba, amma kafinta zai haɗa muku ita cikin yini guda.

Idan za ku ba kafinta aiki, ga awon da muke ba da shawara: faɗin kai santimita 60 zuwa 70, tsawon haƙori santimita 8 zuwa 10, tazara tsakanin haƙora kamar yatsu biyu zuwa uku. A yi haƙoran da ice mai ƙwari irin marke ko aduwa, a dasashe bakinsu kada su yi tsini. A huda ramuka a soka su, ta yadda idan ɗaya ya karye ku da kanku za ku fiƙe wani ku maye gurbinsa.

Ko wace iri kuka zaɓa, ku duba abubuwa huɗu kafin ku miƙa kuɗi. Na ɗaya, ƙota. Ku tsayar da manjagarar a gabanku. Idan ƙotar ba ta kai haɓarku ba, za ku yini a sunkuye, bayanku ne zai biya. Ku shafa ta, kada a samu sartse ko hudar gara. Na biyu, nauyi. Ku riƙe ta ku ja kamar sau ashirin. Abin da ya yi wa ɗan aji shida daidai zai iya gajiyar da ɗan aji ɗaya, don haka ku tafi kasuwa da ƙaramin cikinku. Na uku, mahaɗar kai da ƙota, domin nan ne manjagara ta fi mutuwa. Ku girgiza ta. Idan tana lilo tun a shago, ku ajiye. Na huɗu, gyara. Ku tambayi kanku ko maƙerin unguwarku ko kafinta zai iya gyara ta idan ta lalace. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce.

Akwai wani haɗari da ya kamata ku sani. Manjagarar da aka ɗaure da guntun waya ko aka cika da ƙusoshi tana iya zubar da ƙarfe cikin ciyawa. Saniya ba ta tantance abin da take haɗiya. Ƙusa ko waya takan sauka a sashen cikinta da ke dab da zuciya, ta huda shi, wani lokaci har ta kai ga zuciyar ta kashe dabbar. Saboda haka kullum bayan aiki ku ƙirga haƙoran manjagararku. Idan na ƙarfe ya ɓace, kada a ba dabba wannan tarin sai an gano shi.

Manjagara mai kyau ma tana ɓarna idan aka yi aiki da ita a lokacin da bai dace ba. Ku tara harawa da sassafe, lokacin da raɓa ta sa ganye ya yi laushi, ko da yamma liƙis. Da rana tsaka ganye na marmashewa da ɗan taɓi. Ku ja a hankali, haƙoran na shafar ƙasa kawai, ku jera ciyawar layi-layi yadda iska za ta ratsa, washegari ku juya. Ita harawar wake, a naɗe ta da hannu tun tana da sauran laushi kamar yadda iyayenmu ke yi, manjagara ta bi baya ta kwashe abin da ya saura.

Kada ku adana sai ta bushe sosai, wato damshinta ya sauko zuwa kusan kashi 15 cikin 100. Ba ku da na'urar awo, amma kuna da hannu: ku ɗebi ɗan dami ku murɗa. Idan ya yi sanyi a tafin hannu ko ya nuna ruwa, da saura. Idan ya yi ƙara, wasu karare suka karye, amma launin kore bai gushe ba, ya yi. Ciyawar da aka tara da damshi tana yin funfuna, tana ɗaukar zafi, babban tari ma yakan kama wuta da kansa. A ɗora ta kan rumfa ko katako, nesa da ƙasa da gara.

Wani amfanin doguwar ƙota shi ne tsare hannu. Lokacin girbi macizai, musamman kububuwa, na son fakewa ƙarƙashin tarin ciyawa. Ba banza ba garin Kaltungo a Jihar Gombe yake da asibiti na musamman don masu saran maciji. Ku fara juya tari da manjagara kafin ku sa hannu, ku kuma sa takalmi mai rufi.

Masu sha'awar karatun aikin gona, ku sani a manyan gonaki tarakta ce ke jan manjagara. Akwai mai jerin ƙafafu masu yatsun ƙarfe waɗanda gogar ƙasa ke juya su. Tana da sauƙin kuɗi da sauri, amma takan kwaso ƙasa. Akwai mai juyawa da ƙarfin injin tarakta. Aikinta ya fi tsabta, kuɗinta ya fi yawa. Kun ga tambayar ba ta canza ba: nawa ganye ya tsira, nawa yashi ya shiga? Irin wannan bincike kan ciyawa da abincin dabbobi na cikin ayyukan cibiyar NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello.

Ga aikin wannan makon. Ku raba fili gida biyu daidai, ku tara ɗaya da manjagarar ƙarfe, ɗayan da ta katako ko mai kama da mafici. Ku karkaɗe kowane tari a kan buhu, ku auna yashin da ya zubo da gwangwani, sannan ku duba ganyen da ya rage a ƙasa. Ku nuna wa malamin aikin gona, ku aiko mana da sakamakon tare da sunan makarantarku. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Mu haɗu mako mai zuwa, inda za mu duba yadda ake ɗaure dami da gina rumfar ajiya.