A Karɓi Danƙo, A Ba Yaro Littafi da Fensir

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san cewa idan shamuwa ta sauka a kan tsamiyar bakin gari, to damina ta ƙarato, sai manomi ya shiga sharar gona. Amma yau a tambayi yaron birni ya bambanta shamuwa da zalɓe, sai ya yi zuru. Laifin ba nasa ba ne, namu ne iyaye.

Abin kuwa ya wuce mantuwar suna. Ungulu, wadda a da ba a rasa ta a mahauta da bakin kasuwa, ta yi wuyar gani a garuruwanmu da yawa. A shekarar 2015 ƙungiyar IUCN mai kula da halittun duniya ta sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Guba da masu sayar da sassan jikinta don magani suna cikin abubuwan da suka rage ta, alhali ita ce ke kwashe mushe kafin ya ruɓe. Da mun saba da lura, da tuni mun farga.

Don haka muke kira ga iyalai su soma kallon tsuntsaye tare da yaransu. Ba ya bukatar kuɗi ko madubin hangen nesa. A fita da sassafe ko da la'asar sakaliya zuwa bakin rafi, ko a ajiye ruwa a kasko a tsakar gida, a zauna shiru. Kurciya da hasbiya za su zo da kansu. Yaro ya rubuta rana da wuri da launi da irin kuka, ya zana abin da ya gani. A nuna masa balbela tana bin shanu don cin ƙwarin da suka tasa. Sunan da ya gagari iyaye, a tambayi kaka. Doka ɗaya ce: ba harbi, ba taɓa sheƙa.

Ƙasarmu tana da tsuntsaye fiye da iri 900. A dajin Amurum kusa da Jos akwai cibiyar APLORI ta Jami'ar Jos, inda ake koyar da ilmin tsuntsaye. A fadamun Haɗeja da Nguru kuwa, lokacin sanyi, tsuntsaye kan sauka bayan sun ƙetare Sahara daga Turai. Makaranta ko ƙungiyar matasa da ke kusa za ta iya shirya ziyara.

Iyaye, yaron da ya yi mako guda yana jiran ƙwan kurciya ya ƙyanƙyashe ya koyi haƙuri da tausayi, kuma da wuya ya sake ɗaga danƙo. Mu fara a wannan Asabar, tun shamuwa tana samun mai yi mata maraba.