Kunya ba ta shiga ɗakin tiyata

A gidajen Hausawa da Fulani na unguwar Kilomita Biyar a Bangui, kafin yarinya ta iya ɗaura zani an koya mata cewa in babba yana magana, ƙasa ake kallo. Da wannan tarbiyyar na gama karatun jinya a Bangui, da ita kuma aka mayar da ni ɗakin tiyata a farkon 2013, ina sabuwa fil.

Yawancin sabbi abin da ke ba su tsoro jini ne, ko sunayen kayan aiki. Waɗannan duk masu sauƙi ne. Wata biyu sun isa hannu ya bambanta hantsakin kama jijiya da na riƙe allura ba tare da ido ya duba ba. Wanke hannu har gwiwa, sa safar hannu ba ka taɓa bayanta ba, tsayuwar sa'o'i babu damar sosa hanci, jiki yana sabawa da su. Mai wuyar shi ne buɗe baki.

Majo ɗinmu, wato shugabar ma'aikatan jinya, wata dattijuwa da ba ta da yawan fara'a, ba ta bar ni na miƙa aska ba sai da na ƙware a ƙirga. Ƙyallayen tsane jini ana ƙirga su da murya kafin a yanka, a sake ƙirgawa kafin a rufe ciki, mutum biyu, ɗaya na faɗa ɗaya na gani. Ƙyalle in ya sha jini sajewa yake da hanji. A manta guda ɗaya, bayan 'yan makonni mara lafiya zai dawo da zazzaɓi da ruwan mugunya, a sake farke shi. Takardar bincike mai tambaya 19 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ta sa wannan ƙirgar cikin abin da za a tabbatar kafin a fitar da mutum, kuma bakin nas ake jira.

Sai ga 5 ga Disamba 2013, ranar da mayaƙan anti-balaka suka afka wa Bangui. Masu rauni suka cika asibitin Communautaire, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ke tiyata dare da rana. Kowane ɗakin tiyata a garin haka yake: harsashi, saran adda, wutar lantarkin da ke zuwa daga Boali tana ɗaukewa, ana haska ciki da tocila. Unguwarmu ta zama kurkuku. Wanda aka harba, a cibiyar lafiya ta Mamadou M'Baïki ake tsayar masa da jini, sannan a jira motar da za ta iya ratsa shingaye da shi. Ni kaina in na fita aiki, a asibiti nake kwana.

A irin wannan hali ne mutum yake jin ƙirga ɓata lokaci ce. Wani dare muna kan wani matashi da aka harba a ciki, wasu na kwance a baranda suna jiran layi, likita ya miƙo hannu yana neman zaren rufewa. Ƙirgata ta nuna saura ɗaya. Mutumin ya girmi mahaifina, bai rintsa ba tun jiya, ni kuwa ko sunana bai gama riƙewa ba.

"Dokta, a dakata. Ƙyalle ɗaya bai fito ba."

Ya ɗago ya dube ni ta saman takunkumi, ya ja tsaki, ya mayar da hannu. Can bayan hanta ya zaro shi, a dunƙule, baƙi ƙirin. Bai ce sannu ba, ban kuma sa rai ba. Majo ce kawai ta ce, "'Yata, gobe ki ƙara ɗaga murya, da ƙyar na ji ki."

Ba na raina kunya, har yau ba na kiran sunan surukata. Amma na ga 'yan mata masu kaifin ƙwaƙwalwa sun hango hannun likita ya taɓa abin da ba a dafa ba, suka haɗiye maganar don kada a ce ba su da ladabi. Wanda ke kwance an sa shi barci, ba ya da baki sai na wadda ke tsaye kusa da tire.

Shi ya sa duk sabuwar da aka kawo mini, ba na fara ta da almakashi. Ina ɓoye ƙyalle ɗaya a aljihuna, in sa ta ƙirga, in ce mata sun cika. Wadda ta ce "to, Mama" sai mu sake daga farko.